Yadda Na Koyi Zane Mai Motsi da Shirya Fim a Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni haifaffen cikin birnin Katsina ne, ta wajen Ƙofar Marusa gidanmu yake, kuma a nan garin nake karatun aikin jarida a ɗaya daga cikin manyan makarantunmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da ƙanne da abokai ke yawan yi mini idan sun ga ɗan katun ɗin da nake sakawa a waya: ta ina ake farawa? Galibinsu sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa abin na mai kwamfutar miliyoyi ne, ko wanda ya tsallaka Legas ko ƙasar waje. Ni dai ba ta nan na bi ba.

Tun ina firamare nake zane, a bayan littafin lissafi, ko a jikin bango da gawayi. Ba wanda ya taɓa kallonsa a matsayin abin da zai zama sana'a. Rediyo nake so, shi ya kai ni sashen aikin jarida. A aji biyu aka sa mana darasin shirya fim da shirye-shiryen talabijin, Allah ya haɗa mu da wani malami da ya yi karatu a Jos, inda cibiyar koyar da fim ta ƙasa take. Mun zaci da kamara zai shigo ranar farko. Sai ya ce kowa ya fito da tsohon littafi, ya ɗiga ɗigo a kusurwar shafi, a shafin da ke bi masa ya matsar da ɗigon kaɗan, haka dai har a ci shafuka da dama, sannan a danne gefen littafin da babban yatsa a saki shafukan su zubo. Ɗigona ya kama gudu a kan takarda. Har yau ban manta yadda gabana ya faɗi ba.

Malam ya ce mana, "Duk fim ɗin da kuka taɓa gani, na Indiya ne ko na Kano ko na Amurka, wannan ne. Babu hoton da ke motsi. Tsayayyun hotuna ake jerawa da sauri, ƙwaƙwalwarku ta cike abin da ke tsakani." A sinima hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, a talabijin ɗinmu na nan 25. Masu zanen katun sukan rage wa kansu wahala su zana 12, a nuna kowanne sau biyu. Ya juya allo ya buga mana lissafi: minti ɗaya kacal na cin zane 720. Aji ya yi tsit. Da yawa a nan suka yanke shawarar kamara ta ishe su. Ni kuwa lissafin bai ba ni tsoro ba, don na tashi ina ganin Inna tana ɗinkin hula, allura ɗaya bayan ɗaya, har zanen ya fito.

Aikin farko da ya ba mu ƙwallo ce da ta faɗo ƙasa ta yi tsalle. Kowa ya raina aikin, alhali rabin ilimin yana cikinsa. Idan ka raba tazarar ƙwallon daidai wa daida daga sama har ƙasa, za ta sauko ba nauyi ba rai. Dole zanukan su matsu da juna a can sama, inda take jinkiri kafin ta juyo, su riƙa buɗewa yayin da take kusantar ƙasa. Idan ta bugi ƙasa ta ɗan baje, idan ta tashi ta ɗan miƙe, amma girmanta kada ya ƙaru ko ya ragu. Da tazara kaɗai, ba tare da ka canza siffar da'irar ba, za ka iya sa mai kallo ya rantse wannan dutse ne, waccan kuma balan-balan. Waɗannan ƙa'idoji suna cikin guda 12 da wasu tsofaffin masu zanen kamfanin Disney suka tattara a rubuce a 1981, kuma duk inda ake koyar da wannan fanni a duniya da su ake farawa.

Daga ranar ido ya buɗe mini. Na dawo gida na tarar yayata da matar wanmu suna lugude, na tsaya ina kallo sai ka ce ban taɓa ganin daka ba. Kafin taɓarya ta sauka sai ta yi sama, mai dakan ta ɗan ja numfashi, kafaɗa ta ɗaga. Wannan shi ne shirin motsi, wanda idan ka cire shi daga zane mai kallo ba zai gane abin da ya faru ba. Sauka kuma da sauri take, zane biyu ko uku sun isa. Sannan ga ɗan kwali da ke lilo bayan jiki ya riga ya tsaya. Duk abin da Malam ya rubuta a allo, ga shi a tsakar gidanmu.

Sai yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zo, daga Fabrairu har Oktoba muna gida. Wasu abokaina suka kama kasuwa, wasu suka hau babur. Ni da rana ina taya Baba zama a shago, da dare in koma kan zane. Teburin haske na haɗa da kaina: kwalin taliya, na yanke samansa na ɗora gilashin tsohuwar taga, na sa fitilar caji a ciki. Na kafa ƙusa biyu a jikin wani ɗan katako, na huda takarduna daidai wurin, don kowace ta zauna a kan 'yar'uwarta ba ta goce ba. Idan ka ɗora sabuwar takarda a kan tsohuwa, haske ya ratso, kana ganin inda ƙafa take a zanen baya, ka san inda za ka ajiye ta yanzu. Idan na gama sai in jingina waya a kan tarin littattafai in ɗauki kowace takarda hoto. Daga baya na koma manhajar zanen katun ta FlipaClip a waya, da yatsa nake zanawa. Kwamfuta sai da aka koma makaranta na fara samun aro, a nan na san manhajojin zane irin su Krita da Pencil2D da Blender, dukkansu kyauta ne ba a biyan ko sisi. Blender ma a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka sake ta ga kowa. Amma ina gaya wa duk mai tambayata, abin da na koya a kan kwalin nan shi nake ci har yanzu. Manhaja sauri take ƙara maka, ba ta san nauyin ƙwallo ba.

Wata rana da dare Baba ya fito ya ga haske a ɗakina. Ya leƙo ya ce, "Kai, mi kake yi da wuta cikin kwali?" Na durƙusa na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ɗan yaron da na zana yana tafiya a waya, sannan ya ce, "Wanga abu ka tambayi hukuncinshi? Zanen mai rai ba abin wasa ba ne." Na ce, "Baba, ban tambaya ba tukuna." Ya ce gobe bayan sallar asuba in same shi mu tafi zauren malaminsa. Wannan tambaya ce da duk ɗan Musulmin da ya shiga harkar nan zai gamu da ita, kuma ban ga amfanin kauce mata ba. Malamin Baba ya karanto mana hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani a kan masu yin surori, waɗanda ke cikin Bukhari da Muslim. Ya kuma kawo na Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da 'yan tsanar da take wasa da su, har da doki mai fukafukai da ya zo a ruwayar Abu Dawud. Ya ce malamai sun yi saɓani, akwai masu hanawa gaba ɗaya, akwai masu sassautawa idan don koyar da yara ne da tarbiyyarsu. Ya ja mini kunne a kan tsiraici da izgili da duk abin da zai kai ga girmama hoto. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Kowa ya je ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da na sani shi ne mun fito daga zauren nan Baba ya ce in ci gaba, kuma sharuɗɗan da aka gindaya mini ina riƙe da su.

Inda na fi daɗewa shi ne tafiya. Darussan da ke intanet duk sun yi ittifaƙi a kan matakai huɗu: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya sauka da nauyinsa, ƙafar baya ta wuce ta gaba, jiki ya ɗaga. Taku ɗaya kamar rabin daƙiƙa. Kai yana hawa yana sauka, hannaye suna lilo saɓanin ƙafafu. Duk gaskiya ne, amma mutumin da suke zanawa mai wando da 'yar shat ne, kana ganin gwiwarsa da gwiwar hannunsa. To, ni dattijo mai babbar riga nake son zanawa, ina zan ga gwiwa? Sai na koma zama a bakin masallacin Juma'a bayan an sallame, da ɗan littafi a hannu. A nan na ga tafiyar mai babbar riga a gefen rigar take da kafaɗa. Ƙafa ta tura rigar gaba, rigar ta dawo a makare. Bayan 'yan taku sai ya kai hannu ya saɓa hannun rigar a kafaɗa, kuma yadda yake saɓawar kaɗai zai gaya maka attajiri ne, ko malami, ko ango ne da bai saba da ita ba. Yarinya mai talla da faranti a kan gammo kuwa ta karya dokar darasin gaba ɗaya, domin kanta ba ya hawa ba ya sauka. A layi ɗaya yake tafiya, ƙugu da gwiwa ne ke shanye motsin. Haka durƙuson gaisuwa: na yaro daban, na amarya gaban surukai daban, na bafade daban. Babu Baturen da zai koya maka waɗannan, ba don rowa ba, don bai taɓa ganinsu ba. Takaicina shi ne yadda wasu 'yan'uwanmu masu katun ɗin Hausa ke sauko da tafiyar da aka riga aka shirya daga intanet, su ɗora wa mutum hula da kaftani su sake shi. Yana magana da Hausa, amma jikinsa baƙo ne, kuma ko yaro yana ji a ransa akwai abin da bai zauna ba.

Doki ne ya ƙarasa tabbatar mini da haka. Mu Katsinawa ba a ba mu labarin doki. Ga hawan Sallah da hawan Bariki, ga ƙwallon dawaki da aka san garin da ita tun zamanin Sarki Dikko. Malaminmu na fim ya taɓa ba mu tarihin wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, wanda a 1878 a Kalifoniya ya jera kamarori 12 a gefen hanya, doki ya zo a guje yana tsinka zaren da ke kunna su ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suka nuna akwai lokacin da kofato huɗu duk suna sama, kuma a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. Har gobe masu koyon katun da hotunansa suke aiki. Na bi su na zana sukuwa, na kai wa Kawu, ƙanen Inna, wanda ya tsufa a barga. Ya kalla ya maimaita, ya ce, "Ɗana, ƙafafun sun yi daidai. Amma wanga dokin tsere ne na Turawa. Namu in an ɗaura mashi sirdi da jalala, an sa linzami, ba ya miƙe wuya haka. Taho gobe da safe ka gani."

Na je. Ya kwance wani akawal daga turke, ya ja majayi, ya hau, ya ce in tsuguna in dubi ƙafa kawai, kada in dubi mahayi. Ya yi mini taƙama, ya yi sassarfa, sannan ya ja baya ya sako shi ya yi zamiya a gabana. Na ɗauka da waya a yanayin da ke rage gudun hoto, na koma gida ina bin sa ɗaya ɗaya. A zamiya dokin kusan zama yake yi a kan ƙafafun baya, wuya a lanƙwashe, mahayi ya danna likkafa ya kwanta baya. Doki ya tsaya cak, amma rigar mahayi da jelar doki da ƙura duk suna ci gaba da tafiya, kowanne da lokacin da zai tsaya. Kawu bai taɓa shiga aji ba, amma gyaran da ya yi mini ranar ya kai darasin zango guda. Allah ya saka masa da alheri, shi da Malam.

Da aka koma makaranta sai ɓangaren kamara ya shigo, aka raba mu rukuni-rukuni. Nan ba zan tsawaita ba, don abubuwa ne da kowane ɗalibin fim zai tarar. Hoto na nesa ya nuna wuri, matsakaici ya nuna masu magana, na kusa ya nuna abin da ke zuciya. Idan mutum biyu na hira, akwai layi a tsakaninsu da kamara ba ta tsallakawa, in ta tsallaka sai a ga dukkansu suna duban gefe guda. Hasken safiya da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke zuba inuwa a ramin ido. Kuma kafin a kunna kamara a zana labarin a takarda, akwati bayan akwati. A nan mai katun ya fi kowa riba, domin wanda ya san daƙiƙa biyar za ta ci masa zane 60 ba zai yarda ya zana abin da za a yanke a wurin editin ba.

Aikin ƙarshen zango, rukuninmu ya yarda mu yi katun na minti biyu. Muka ɗauki tatsuniyar da kakarmu ke yi mana, wadda Gizo ya yaudari kura ya ɗaura mata sirdi da linzami ya hau. A katun murya ake fara ɗauka, sannan a zana baki ya bi ta. Na je na roƙi kaka ta zama mai ba da labari. Ta ce, "Maigidan, da rana tsaka? Ba a tatsuniya da rana." Hakan ma ya yi mana daidai, don da rana ga babura, ga injin markaɗe, ga awaki. Bayan isha'i muka shiga ɗakinta, muka jingina katifa a bango, muka rataya bargo a ƙofa don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ƙannena da ke zaune a ƙasa suka amsa ba tare da an ce su amsa ba, muka bar shi a ciki. Ƙarar kofato da ƙoƙo biyu muka yi ta a kan tire mai yashi. Na tace muryoyin a manhajar Audacity. Ra'ayina shi ne mai kallo zai yi haƙuri da zane mai rauni, amma ba zai zauna wa muryar da ba ya ji ba.

Ko a wurin zana baki sai da na ajiye jadawalin siffofin baki da na samo. A cikinsa harafin F haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Mu kuwa da leɓɓa biyu muke furta shi, Bakatsine ma "tahi" zai ce maka. Madubi na ajiye a gabana ina maimaita maganar Gizo da tsamin bakinsa, ina zana abin da na gani.

Ana cikin wannan aiki ne Malam ya gaya mana labarin Moustapha Alassane, mutumin Nijar da aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Makanike ne tun farko. Ya je Kanada ya ƙaro ilimi a wurin shahararren mai katun Norman McLaren, kuma tun a shekarun 1960 yake katun da kwaɗi yana zolayar masu mulki da son girmansu. Ya yi zamansa a Tawa, ƙasar Adar, cikin Hausawa 'yan'uwanmu. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan fanni a Afirka, amma a ajinmu babu wanda ya taɓa jin sunansa kafin ranar. Abin ya dame ni, ya kuma ƙarfafa mini gwiwa, domin kayan aikin da ke aljihuna yau sun fi waɗanda ya fara da su nesa ba kusa ba.

Mun sha ɗaukewar wuta, mun sha jiran caji a shagon mai sola, amma aikin ya kammalu. Bayan an duba shi a aji, na ari na'urar haska hoto muka kafa farin zane a ƙofar gidanmu. Kaka ta fito da kujerarta, ta ce rabonta da irin wannan tun majigin da ake kawowa da mota suna yara, ana nuna musu noma da tsafta. Yaran unguwa suka cika wurin. Da kura ta yi zamiya da Gizo a bayanta suka kwashe da ihu, suka ce a maimaita. Wani ɗan maƙwabcinmu ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, waccan mai tallan tafiyar Yaya Babba take yi ko?" Ita ɗin ce kuwa na kalla na zana.

Yanzu duk ranar Asabar bayan la'asar yara kan taru a zaurenmu, maza da mata, kowa da tsohon littafi da fensir. Da ɗigo muke farawa, sai ƙwallo, sannan in tura su gida su kalli yadda ake tankaɗe ko yadda akuya ke tashi daga kwance, su dawo su nuna mini a takarda. Ni kuma ina shirin aikin kammala karatu a kan rijiyar Kusugu da macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Hutun da ke tafe in sha Allah zan je Daura in nemi shawarar manya a kan abin da ya dace a zana da wanda bai dace ba, in kuma samu wata rijiyar da har yanzu ake ja da guga in zauna a gefenta, don ina buƙatar ganin yadda bayan mai jan ruwa ke lanƙwasawa lokacin da gugar ta cika.